Kududdufin da Sidi Ya Bari

Na Allah ne mu, gare Shi kuma muke komawa. Kakana, mahaifin Abba, ya rasu ranar Asabar da hantsi yana zaune a kan kujerarsa, ƙafa ɗaya cikin takalmi, ɗayar bai kai ga sawa ba. Mu jikokinsa Sidi muke ce masa, kamar yadda yaran Jidda ke kiran kakansu. An yi masa salla bayan la'asar. Kafin magariba an jera kujeru a ƙofar imararmu, wato benen da muke zaune a unguwar Safa, an ja igiyar fitilu daga bango zuwa bishiyoyin lambun unguwa. Maza a ƙasa, mata a sama cikin falonmu. Ni aka ba butar gahawa, na kuwa ji daɗin haka, domin ba wanda ke jiran magana daga mai zuba gahawa.

Da butar a hannu na ji abin da kowa ya ce a kansa. Wata tsohuwa daga unguwar Bab Makka, wadda ta san shi tun yana saurayi, ta ce ba ta taɓa ganin ya watsar da ragowar ruwan sha ba, sai ya nemi gindin wani tsiro. Matar mai gadin imara kuka kawai take yi cikin gefen mayafinta. Wata ta ce mutum ne mai taurin kai, sai ta tuna inda take, ta yi sauri ta ƙara da cewa, "Taurin kai na alheri." Aka ɗan yi murmushi. Can sai maƙwabciyarmu ta hawa na biyu ta miƙo mini ƙoƙon gahawarta ta ce:

"Allah ya jiƙan Alhaji. To, kududdufin nan fa? Wa zai kula da shi yanzu?"

Gwaggo, yayar Abba, ta amsa ba tare da ta ɗago kai ba. "Halas, magana ta ƙare. Ranar Alhamis mai kofi zai zo ya duba. Daga nan a kawo yashi, kowa ya huta."

Gahawa ta zubo mini a yatsa, ban ko ce wash ba.

A bayan masallacin unguwa, cikin lambun da yara ke wasa, akwai wani ɗan kududdufi da Sidi ya yi da hannunsa. Faɗinsa bai wuce falonmu ba, zurfinsa iya gwiwa. Ruwan alwalar masallaci ne ke gangarowa cikinsa. A garin da sauro ke kawo zazzaɓin da ke kwantar da yara a asibiti, ba a barin ruwa ya kwanta a fili, sai dai shi Sidi yana da alkawari da wani ma'aikacin kamfanin feshi. Duk ranar Alhamis bayan la'asar mutumin zai zo da farin kofi mai dogon mariƙi, ya ɗebi ruwan sau uku ya duba. Ranar da ya ga tsutsar sauro ko da guda ce, a cike kududdufin da yashi, Sidi ba zai ce uffan ba. Shekara uku ana yi, kofin bai taɓa fitowa da komai ba. Yanzu ga Alhamis tana tafe, mai kududdufi ba ya nan.

Sidi ya fara neman abinci da garwa biyu da sanda a kafaɗa. A nan Jidda aka haife shi, iyayensa mahajjata ne da suka zo ba su koma ba, kuma tun bai yi gemu ba yake hawa benayen tsohon gari da ruwa. Daga baya ya samu aiki a shagon yadi a Bab Makka, a can ya tsufa, amma sandar ta bar masa shaida: fatar kafaɗarsa ta dama ta yi kauri ta yi baƙi kamar dunduniya. In ya ga ɗayanmu ya bar famfo a buɗe yana goge haƙora, ba ya faɗa. Hannunka zai kama ya ɗora a wurin ya ce, "Taɓa. Wannan ruwa ne." A cikin roba yake alwala. Ƙarƙashin kowane mukayyif na gidanmu, wato na'urar sanyaya ɗaki, akwai gorar da ya rataya tana tarar ɗigo, ya san wadda ke cika kafin azahar, kuma ba ya barin ko ɗaya ta kwana da ruwa.

Da ya bar shago ne ya lura da bututun bayan masallaci. Sau biyar a rana ruwan alwala ke fitowa ya bi wata 'yar kwata, ya ratsa lambun ya faɗa magudana, alhali bishiyoyin darbejiya na gefe suna kaɗe ganye don ƙishi. Ya sayo bulo da siminti ya toshe kwatar. Cikin mako biyu ruwan ya koma kore ya fara wari, liman ya aiko a gaya masa da lalama. Da aka yi ruwan sama na farko sai bangon ya fashe, taɓo ya shiga har wurin ajiye motoci. Abba ya wuni yana wanke motocin maƙwabta yana ba da haƙuri. Sidi ya yi kwanaki bai sauka ƙasa ba in ba salla ba.

A kwanakin ne ya same ni ina bitar littafin kimiyya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya leƙo ta saman kafaɗata.

"Uwata, wannan wane irin ɓera ne?"

"Ba ɓera ba ne, Sidi. Ƙundus sunansa. A ƙasashen sanyi yake, yana datse rafi da itace."

"Da me yake sarar itacen?"

"Da haƙori."

"Ƙarya dai ba kyau, ko a littafi."

Na aro wayar Umma na nemo masa. Ya sa tabarau ya kalli dabbar tana jan reshe, tana cusa shi tsakanin wasu, tana liƙewa da taɓo. Ya ce, "Maido baya." Na mayar. Ya sake cewa, na sake mayarwa, har Umma ta aiko tana neman wayarta. Na lura ya daina kallon dabbar. Ƙasan madatsar yake kallo, inda ruwa ke tsiyaya ta tsakanin itatuwa.

"Kin gani? Yoyo take yi. Da gangan ya bar ta tana yoyo." Ya cire tabarau ya murza ido. "Ni ɗaure ruwan na yi kamar ɓarawo, shi ya sa ya ruɓe, ya kuma ɓalle. Wannan bawan Allah kuwa baƙo ya mayar da shi: zauna ka huta, in ka huta ka wuce."

Washegari ya fara tara rassan dabinon da masu shara ke sarewa. Madatsa uku ya yi a jere. Ta farko tsakuwa ce da gawayi, tana tace ɗan sabulun masu wanke hannu. Ta biyu rassa ne da taɓo. Ta uku, babbar, ita ke riƙe kududdufin, ruwa yana fita ta ƙasanta garau ya bi gindin darbejiya. Kifayen kuwa daga wata kwata mai gishiri-gishiri da ke bayan Khumra ya kamo su, ƙanana, ba su kai ɗan yatsana ba, masu zane a jela. Ya rungumo bokitin a cinya cikin mota har gida yana yi wa Abba faɗa a kan kowane tudun titi. Kwana goma yana ƙara musu ruwanmu ludayi-ludayi don su saba kafin ya sake su. Su ne ke cinye tsutsar sauro.

A shekarar darbejiya ba ta kaɗe ba. Ƙasar gefen ta yi sanyi har ana iya tsayawa ba takalmi da tsakar rana. Kurciyoyi suka fara zuwa, sai mazari. Wata safiya farin zalɓe ya sauka ya tsaya da ƙafa ɗaya yana leƙen ruwan, Sidi ya bi shi da hula yana cewa ya je ya nemi kifin ubansa. Masu share titi suka mayar da wurin wajen cin abincin rana, shi kuma yakan karɓi ɓarɓashin burodinsu ya ce zakkar kifi ce. Da aka sake ruwan sama, kududdufin ya cika ya tumbatsa a hankali, ba abin da ya kai wurin motoci. Na ga Abba a baranda yana kallo har ruwan ya ɗauke.

Ni da Sidi mukan zauna a bakin ruwan mu daɗe ba wanda ya ce kala. In 'yan gidanmu suka tsokane ni cewa ba ni da baki, sai ya ce, "Ku bar ta, ku kuna da baki me kuka gani?"

Sai 'yar autar Gwaggo ta kwanta. Shekararta huɗu a lokacin, gidansu kuma yana saman namu. Kwana shida a asibiti ana ƙara mata ruwa, dasashinta yana jini. Zazzaɓin sauro ne. A rana ta uku Gwaggo ta zo ɗaukar kaya, ta tsaya a tsakiyar falonmu da abayarta, ta faɗa wa mahaifinta abin da ban taɓa jin an faɗa wa babba ba.

"Baba, in yarinyar nan ta mutu, ruwanka ne."

Sidi yana riƙe da carbi. Carbin ya tsaya cak a hannunsa.

Washegari kamfanin feshi ya turo mutum, dogo, da riga mai tambari da fayil a hammata. Ya ga tsoho durƙushe a taɓo yana waƙar Hausa ƙasa-ƙasa, sai ya yi masa Hausa.

"Baba, wa ya ba ka izinin haƙa tafki a nan?"

"Wa ya ba ka izinin ce mini Baba ba ka gaishe ni ba?"

Mutumin ya yi turus. Ya sauke fayil. "Ina wuni, Baba."

"Lafiya lau. Daga ina?"

"Zariya."

"Shi ya sa. Karatu ya yi yawa."

"Baba, ba wasa ya kawo ni ba. Yarinya tana kwance rai a hannun Allah daga ginin nan. Gobe mota za ta kawo yashi."

"Yarinyar jikata ce, ba kai za ka ba ni labarinta ba. Sa kofinka ka ɗiba. In ka ga tsutsa, ni zan nuna wa direban hanya."

Ya ɗiba sau uku, ya ɗiba sau goma, babu. Ya durƙusa ya daɗe yana kallon kifayen. A nan suka ƙulla alkawarin. Tun daga ranar Sidi ke ce masa Malamin Sauro, shi kuma yana ce wa Sidi Injiniya. Duk Alhamis sai sun yi musu, duk Alhamis sai sun sha shayi.

Abin da zan faɗa yanzu, a gidanmu ni kaɗai na gani. A ranar dai Malamin Sauro ya bi gidajen imarar ɗaya bayan ɗaya, Sidi ya buɗe masa na Gwaggo don tana asibiti. A barandarta, bayan tsohon injin wanki, akwai wata roba da aka manta a ƙarƙashin mukayyif. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da aka jawo ta; ruwan ciki motsi yake kamar zai tafasa. Sidi ya ɗauka ya juye, ya wanke, ya kife ta. Ya ce wa mutumin, "Rubuta abin da aikinka ya ce ka rubuta, amma kar ka gaya mata. Gara ta ji haushina da ta ji haushin kanta." Ya juyo ya gan ni, ya ɗora yatsa a leɓe. Yarinyar ta warke. Gwaggo ba ta ƙara taka lambun ba, ta titi take zagayawa ko da rana ta take, Sidi kuma ya ɗauki maganarta shekara uku bai sauke ba. Kafin in nuna wa kowa takardar nan na ba Gwaggo ta karanta. Ta daɗe a ɗaki. Da ta fito ta ce kar in cire ko kalma ɗaya.

A nan yawanci daga gidan abinci ake sayo shinkafar zaman makoki. Gwaggo ta ce ba za a ci abincin saye a kan ubanta ba. Ranar Lahadi ta aro manyan tukwane uku ta dafa shinkafa da nama da kanta. Ta wuni a kan wuta, ba ta zauna ba, ba ta yi kuka ba. Tukwanen ba sa shiga wurin wanke-wankenmu, don haka ranar Litinin da safe ita da wasu mata biyu suka sauke su zuwa famfon da ke bayan masallaci ta ɓangaren titi. Ruwan famfon nan ta ƙarƙashin bango yake bi ya haɗu da na alwala. Ita ba ta sani ba, don ta daɗe da daina kallon wajen.

Ni aka ba jarkar bilic, ruwan wankin nan mai ƙarfi, in riƙo. Na ga Gwaggo ta buɗe ta tuttula rabi cikin tukunya mai maiƙo, na ga inda bakin tukunyar ya nufa, na kuma san tsakuwar Sidi ba za ta iya da wannan ba. Maganar tana kan harshena: Gwaggo, kar ki zuba a nan. Amma idanunta sun kaɗa sun yi ja, ga baƙi biyu a wurin, ga shi maganar kududdufi ce, abin da ba a ambata a gabanta. Na buɗe baki na rufe. Suka kama kunnuwan tukunyar suka ce, "Yalla," suka karkata ta.

Kafin azahar kifayen sun taso saman ruwa, ciki a sama. Na tsince su da rariyar shayi, na tona gindin darbejiya na binne. Ban gaya wa kowa ba. Na wanke hannu na koma sama na ci gaba da zagayawa tsakanin masu ta'aziyya.

Ruwan alwala ya yi ta zuwa yana wucewa har ya wanke warin. Kafin Talata da yamma ruwan ya sake yin garau, mai wucewa ba zai ga bambanci ba. Ranar Laraba da na taso daga makaranta na biya ta can da jakata a baya. Na ɗaga wani reshen dabino a kusurwar babbar madatsa, inda inuwa take, inda ruwa ya fi kwanciya. Suna nan, ƙanana kamar gashin ido, rataye a ƙarƙashin saman ruwa. Da inuwata ta faɗa musu sai suka nutse suna murɗewa. Na yi ta kwasa da murfin gora ina watsawa a yashi har gwiwoyina suka yi tsami, duk inda na kwashe sai wasu su taso. Da yamma na kasa cin abinci. Umma ta shafa kaina ta ce in yi haƙuri, kowa zai tafi. Ta ɗauka Sidi nake tunani. Shi ɗin nake tunani, amma ba yadda ta zata ba.

Ranar Alhamis mutane sun fi na kullum yawa: Abba, liman, mai gadi, maƙwabta. Gwaggo ta tsaya can bakin shingen lambu riƙe da hannun 'yarta, ba ta shigo ba. Malamin Sauro ya zo ya yi wa Abba ta'aziyya, ya ce yana wajen gari ranar jana'iza. Sannan ya zaro kofi.

Na daɗe ina kallonsa yana wannan aikin, na san yadda yake yi. Yakan tsaya ta inda inuwarsa ba za ta taɓa ruwa ba, ya jira, ya zura kofin a hankali a gefe cikin ciyawa, kuma kullum ɗibar ƙarshe a kusurwar nan ce. Ranar kuwa sai ya ba rana baya, inuwarsa ta rufe rabin kududdufin. Ya tsoma kofin a tsakiya, fanjam. Ya duba. "Babu." Ya tsoma a mashiga, inda ruwa ke gudu. "Babu." Ya kalli kusurwar, kallo ɗaya, ya kau da kai. Wanda ya saba ganin kifi suna tsere a gefen kofinsa ba zai kasa lura babu su ba. Ya sake tsomawa a tsakiya.

"Babu. Injiniya ya ci wannan makon ma."

Liman ya ce alhamdu lillahi. Abba ya sauke numfashi. Kududdufin ya tsira, abin da na kwana biyar ina roƙo a sujada, kuma ba abin da ake nema daga gare ni sai in yi shiru. Sai na hangi 'yar Gwaggo ta sunkuya tana sosa idon sawunta. Ko sauro ne ko ƙaiƙayi ne kawai, har yau ban sani ba.

"Malam." Ni kaina ban ji muryata ba. Na sake. "Malam, ba ka ɗibi can ba."

Kowa ya juyo. Abba ya ce, "Ke, mene ne?"

Malamin Sauro ya ce a hankali, "'Yata, sau uku ake ɗiba. Na yi uku."

"Can kake yin ta ƙarshe. Kullum."

Ya daɗe yana dubana. "Kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani."

Ya zagaya ta ɗaya ɓangaren, ya jira, ya zura kofin ƙarƙashin reshen. Da ya ɗago ba sai an matso ba.

Mijin maƙwabciyarmu ta hawa na biyu ne ya fara magana. "Ai mun faɗa. Da ma can haka yake, tsoho ne dai ba a son ɓata wa rai. Allah kaɗai ya san yara nawa ruwan nan ya kwantar."

Wannan ta fi mini yashi ciwo. Na ce, "Da ba haka yake ba. Kifayen ne suka mutu ranar Litinin."

Abba ya ce, "Me ya kashe su?"

Na kalli ƙasa. "Ina wurin, ban hana ba." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

"Litinin?" Muryar Gwaggo ce daga bakin shinge. Ta tambayi mai gadi, "Ruwan famfon baya, ina yake bi?"

Mai gadi ya nuna da hannu: ta ƙarƙashin bango, ta cikin tsakuwa, zuwa nan. Gwaggo ta bi hannun da ido har ƙarshe.

"Tukwanena ne," ta ce, da muryar da na can bayan ma suka ji. "Bilic na zuba. Kowa ya saurara, ba ruwan Baba, ni ce." Ta juya ga mutumin hawa na biyu. "Kai kuma, bawan Allah kwana biyar a ƙasa, ka iya bakinka."

Abba ya matsa kusa da Malamin Sauro. "Malam, ba za a ba mu ko mako guda ba? Gobe da asuba sai in je Khumra in nemo wasu."

Ya girgiza kai. "Yallaɓai, da ban gani ba, da ban gani ba. Yanzu na gani a gaban jama'a, kuma kwana kaɗan ya rage waɗannan su tashi. Yau a saki ruwan, Asabar yashi." Ya juye kofin a kan ƙasa mai zafi ya taka. "Da Injiniya ne a tsaye a nan, da bai roƙe ni ba."

Ya ce zai kira lebura su fasa. Na ce a bar ni. Madatsar ba ginin fasawa ba ce, saƙa ce, daga sama ake warware ta. Na cire takalmi na shiga, na yi ta zare rassan ɗaya bayan ɗaya ina miƙa wa Abba. A jikin wasu akwai shatin yatsun Sidi a busasshen taɓo. Ruwan ya fara fita a hankali, ya ƙara ƙarfi, ya bazu a gindin bishiyoyin, ƙasa ta shanye. Maƙwabta suka watse. Ban ɗago kai ba sai da na ji ƙarar takalmi a taɓo kusa da ni.

Gwaggo ce. Ta shigo har tsakiya da abayarta, ta durƙusa a bakin wani ɗan rami da ke ƙasan madatsar, inda ragowar ruwa ya taru. Abu yana wutsil-wutsil a ciki. Ta sa tafin hannu biyu.

"Ku kawo wani abu! Yalla, za su mutu!"

Mai gadi ya rugo da bokitin goge-goge. Ta sunsuna ta ture shi da gwiwar hannu. 'Yarta ta buɗe gorar ruwanta ta makaranta ta miƙo. Kifaye huɗu muka samu da rai.

Ranar Asabar mota ta kawo yashi. An haɗa bututun masallaci kai tsaye da magudana, wurin ya zama fili, yara suna ƙwallo a kai. Kurciyoyi sun yi mako suna sauka a lokacin da suka saba, su zaga a kan yashin su tashi. Masu share titi sun koma ƙarƙashin gada. Darbejiya tana nan kore, sai dai zafi bai shigo ba tukuna. Malamin Sauro ba shi da abin dubawa a unguwarmu yanzu; sau ɗaya na hangi motarsa ta rage gudu a bakin lambun ta wuce. Wasu a gidanmu sun ce na kyauta, wasu ba su ce komai ba, ni kuma ba na bi ta lambun in zan je makaranta.

Ɗaya daga cikin kifayen ya mutu a kwana na biyu. Ukun suna falon Gwaggo cikin babbar roba, da tsakuwa da 'yar ciyawar da na tsinto kafin a zuba yashi. Ba ta yarda kowa ya canja musu ruwa sai ita. Jiya bayan la'asar ta aiko a kira ni da gaggawa. Na same ta tsugune, fuskarta a ɗaure, tana nuna wasu ɗigo-ɗigo manne a jikin ciyawar.

"Duba mini nan. Gaya mini gaskiya, na sauro ne? In na sauro ne yanzu zan zubar."

Na durƙusa na duba, na sake dubawa. Na ce, "A'a, Gwaggo. Ƙwan kifi ne."

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar ce ta fara yi wa mahaifinta kuka.

Allah ya jiƙan Sidi, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Ya hutar da kafaɗar da ta shayar da mutane, ya shayar da shi daga tafkin Manzonsa. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.